Madabod da littafinta: wane suna za mu ba su?

1/ Malamai da 'yan'uwa masu haɗa kwamfuta, ina son mu tsayar da magana kan kalmomi biyu: madabod, babban faifan da ake haɗa sauran kayan kwamfuta a kansa, da manuwal, wato littafin bayanin da ke zuwa cikin kwalinta.

2/ Wasu na cewa "uwar allo". Ni dai bai kwanta min ba, don allo ya riga ya tafi ga fuskar da ake kallo. Ka ce wa yaron shago allo ya ƙone, sikirin zai ɗauko maka. Na fi son "uwar kwamfuta". Bahaushe ya san irin wannan uwa a uwar maƙera da uwar kuɗi, wato abin da sauran suka dogara a kai. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), RAM (ma'ajiyar wucin gadi), katin hoto, duk a jikinta ake dasa su.

3/ Littafin kuwa, "jagora" ta yi faɗi da yawa. Mu ce "littafin haɗi", don aikinsa ke nan.

4/ Kuma ba kowanne ya cancanci sunan ba. Ku buɗe shafin wayoyin gaban akwatin kwamfuta: maɓallin kunnawa, na sake tashi, fitilar wuta, fitilar hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanai), duk a kan 'yan filoli 9 a cunkushe. Maɓalli bai damu da yadda ka juya shi ba, amma fitila in ka sauya + da − ba za ta kama ba. Littafin kirki zai zana wurin da girma. Zai ce maka in ramukan RAM 4 ne, kana da sanda 2, yawanci ramukan da ake kira A2 da B2 za ka fara cikawa. Abin da ya fi ci min rai shi ne M.2, ƙaramin hadis na zamani da ake dasawa a jikin uwar: a wasu uwayen, da ka sa shi sai wata kafar SATA, inda ake jona hadis, ta daina aiki, amma a ɓoye wannan cikin ƙaramin rubutu a gindin shafi. Bawan Allah ya zaci hadis ɗinsa ya mutu, ya je ya sayi sabo.

5/ Naɗaɗɗiyar takardar nan mai hotuna kawai, da lambar QR da ke tura ka intanet, mu bar ta a "takardar kwali".

6/ 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka saba da kart-mer ta Faransanci, ya kuke jin "uwar kwamfuta" a bakinku? Ku gwada ta a shago, ku faɗa mana ko masu saye sun gane.