Shawarwarin da aka bayar kan bikin ɗaliban Coimbra

Wata ƙanwarmu da ta samu gurbin karatu a jami'ar Coimbra ta ƙasar Fotugal ta tambayi waɗanda suka riga ta zuwa yadda za ta tunkari Queima das Fitas, bikin ƙarshen shekarar karatu da ake yi a watan Mayu. Sunan na nufin ƙona siraran ƙyallayen da ɗalibai ke ɗaurawa, kowace tsangaya da launinta: ja na masu karatun shari'a, rawaya na masu likitanci.

Kusan kowa ya ce mata kada ta bari daren buɗewa ya wuce ta. Da tsakar dare ake taruwa, bisa al'ada a gaban tsohon cocin garin, ɗalibai sanye da baƙaƙen alkyabbu, ana rera fado, wato waƙoƙin gargajiya na Fotugal. Ba a yin tafi, ba a surutu. Wata ta ce nan ta ga masu kammalawa suna hawaye, kuma ni ma a ganina wannan daren ne zuciyar bikin a jami'ar da aka kafa tun 1290.

Ranar jerin gwanon motocin da aka ƙawata da furannin takarda kuwa, an gargaɗe ta cewa giya ake sha sosai, har a watsa wa 'yan kallo. Shawarar ita ce ta tsaya nesa kaɗan, ta tafi da abokan da ta amince da su, ta sa takalmi mara tsini saboda titunan dutse ne masu gangara.

An kuma tuna mata jarrabawa na biye da bikin, don haka ta gama bitar karatunta kafin makon bikin ya shigo.