Hoton tsuntsaye a tafkin Madarunfa: wane lokaci ya fi?

Sani Mai Hoto, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna a nan Maradi, amma tun bara hankalina ya koma kan tsuntsayen tafkin Madarunfa. Da na matso bakin ruwa sai kirinjijiya su tashi gaba ɗaya, in dawo gida da ɗigo-ɗigo cikin hazo. Balbela kuma farinta ƙonewa yake yi a hoton, ba a ganin gashi ko ɗaya. Gilashin kamarata milimita 300 ne, ba ni da halin babba yanzu. Wane wata ya fi? Ta ina zan tsaya? Akwai izinin da ake nema?

Baba Isufu, Bagalam:
Wa alaikumus salam ɗana. Aikin gandun daji na yi har na ajiye, kuma ina gaya maka gilashin nan naka ya isa. Tafiyarka ce ke korar su. Tsuntsun ruwa ya san mutum a tsaye, musamman wanda ya nufo shi kai tsaye da wani abu baƙi a hannu, don an sha harbinsa. Ka yi asuba a Madarunfa, kilomita 20 da ɗan abin da ya ɗora ne daga Maradi, ka sami gindin itace ko wata duhuwa ka zauna tun gari bai gama wayewa ba. Bar farar shadda a gida, sa tufa mai launin ƙasa. In ka yi rabin awa ba motsi, su da kansu za su matso. Ka lura da zakaran ƙeƙuwa, shi ne mai tsegumin wurin. In ya fara kuka a kanka, kowa ya ji, sai ka ƙara lafewa har ya gaji.

Maganar wata, ya danganta da abin da kake so. Kirinjijiya, zalɓe, balbela, da dinya in ka yi sa'a, namu ne na gida. Baƙin kuwa, ƙananan agwagi da masu dogon ƙafa da ke tsinta a taɓo, daga Turai da Rasha suke ƙetaro Sahara, su sauka wajen Oktoba su koma wajen Maris. Shi ya sa ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar Janairu. Ni na fi son Nuwamba: gulbin Gabi ya gama zuba ruwansa, tafki a cike, baƙi sun iso, hazo bai yi kauri ba tukuna. Shamuwa kada ka neme ta da sanyi. Gab da damina take zuwa, ta yi sheƙa cikin gari a bisa itatuwa, in ruwa ya ɗauke ta yi kudu.

Izini kuma, ka fara biyawa ta ofishin gandun daji na Madarunfa, ka gai da mai gari inda za ka zauna. Tun 2019 tafkin yana cikin wuraren Ramsar, wato dausayin da ƙasashe suka yi alkawarin kiyayewa a yarjejeniyar 1971. Ga kuma kaburburan waliyyai 99 da ke kewayen tafkin, mutane na zuwa ziyara, kada ka juya kamara kan mai addu'a ba ka tambaye shi ba. Abu ɗaya nake roƙonka don Allah: kada ka sa yara su jefi garke don ka samu hoton tashi. Tsuntsun da ya ratsa hamada, abin da ya ci a wurinmu shi zai mai da shi gida, duk tashin banza ƙarfinsa ake ragewa.

Hadiza, ɗaliba a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo:
Baba ya gama magana. Malam Sani, batun balbela, kamara ce ke auna duhun ruwa da ciyawa sai ta ƙara haske. Rage hasken da mataki ɗaya, gashin zai fito. In tsuntsu yana sama, kada saurin buɗewa da rufewar kamararka ya gaza 1/1000 na daƙiƙa. Da safe ka zauna ta gabas rana ta kasance a bayanka. Kuma lokacin hunturu kada ka kwance gilashi a fili, ƙura za ta shige ciki. In ka ga tsuntsu da zobe a ƙafa ka ɗauki lambar da kyau, da ita ake gane ƙasar da aka saka masa.

Laminu, ɗan masunta, Madarunfa:
Ku zo, muna maraba. Jirginmu tsuntsaye sun saba da shi, in ka zauna ƙasa-ƙasa a ciki za ka fi kusantar su fiye da ta tudu. Sai dai kada a bi ta kan raga, kuma inda suke ƙwai ba ma kai kowa. Ka ɗauko mana har da bakin tafkin, mutane su ga yadda yashi ke cinye shi. Inda mahaifina yake kama karfasa da tarwaɗa, yanzu da rani lambu ake yi. Sannan yallaɓai, kada ka zarce wajen Gabi ko dajin Baban Rafi kai kaɗai da kamara, ka san halin da bakin iyaka ke ciki.

Sani Mai Hoto:
Allah ya saka da alheri, Baba, na gode ƙwarai. Laminu, in Allah ya kai mu Asabar zan shigo, in fara ta ofishi kamar yadda Baba ya ce. Ƙarfe nawa kuke tura jirgi?

Laminu:
Da an sallame asuba. Ka taho da rigar sanyi da ledar da za ka rufe kamara, jirgin yana ɗan shan ruwa ta baya.