Tudun bayan garinmu: "kama da wane ba ta wane" ko "ruwa ba ya tsami banza"?

Ɗan Ƙauye: Assalamu alaikum. A bayan garinmu akwai wani kewayayyen tudu a tsakiyar gonaki. Tun kaka da kakanni ake cewa kushewar wani sarki ce, ba a noma shi, makiyaya ma ratse masa suke yi. Bana da rani wasu samari suka bi dare da diga da shebur, wai zinariya za su tono. Rami ya kai musu ƙirji, babu komai sai marmara, ƙarƙashinta kuma dutse. Da gari ya waye wani dattijo ya ce "kama da wane ba ta wane", abokinsa ya ce ina, "ruwa ba ya tsami banza". Har yau musu ake a dandali. Wanne ya dace?

Malam Mai Allo: Wa alaikumus salam. Na farkon ne. Wasu kan ce "kama da wane ba wane ba ne", duk ɗaya. Ana faɗinta idan yaro ya ɗauko fuskar ubansa bai ɗauko halinsa ba, ko ka rangaɗa wa baƙo gaisuwa a kasuwa da zaton ɗan'uwanka ne. Tudunku siffar kushewa ya ɗauko, diga kuma ta ba da shaida.

Hajiya Babba: Allah ya gafarta Malam, ni ban taɓa jin an ce wa tudu "wane" ba. Maganar ta mutane ce. Da ni ce a dandalin, "hangen Dala ba shiga birni ba ne" zan ce. Sun hango arziki, ba su kai ba.

Bakano: Hajiya, a yi haƙuri, wannan ba gurbinta ba ne. Mai hangen Dala bai yi kuskure ba, Dalar ce ya gani, tafiya ce kawai ta rage masa, don haka kada ya fara murna. Su kuwa samarin nan abin da suka hango ma babu shi. Amma tunda an ambaci Dala: ai babu wanda ya tara ta, halittar Allah ce, kamar Goron Dutse ko Kufena ta Zariya. Duk da haka a kanta labarin Barbushe da Tsumburbura ya rataya, kuma an sami shaidar narka tama a gindinta tun wajen ƙarni na 7. Tudu ya zama na Allah bai hana shi tarihi ba.

Bakatsine: Ni ina bayan dattijo na biyu. Ku je Durbi Takusheyi a ƙaramar hukumar Mani. Wanda bai sani ba zai wuce tuddan nan ya ce tarin ƙasa ne, mutanen wurin kuwa suka dage cewa sarakunan Durɓawa ne a kwance. A 1907, zamanin Sarki Dikko, Baturen mulki Palmer ya tona, aka tarar da gaskiyarsu. A 1992 aka sake tona guda uku tare da Jamusawa: ga awarwaron hauren giwa, ga wuri, ga duwatsun ado, ga 'yan kunnen zinariya, har da kwanon ƙarfe da ya fito daga ƙasashen Larabawa. Wasu kayan tun ƙarni na 13 zuwa na 14. Sai da aka kai su birnin Mainz na Jamus aka gyara su kafin a dawo da su. Da an bi ta "kama da wane", da yanzu gero ne a kansu.

Malam Mai Allo: Sannu, Bakatsine, amma ka ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba. "Ruwa ba ya tsami banza" cewa ta yi akwai dalili. Ba ta ce dalilin da aka faɗa maka shi ne na gaskiya ba. Mai yiwuwa tsofaffi sun hana hawa tudun ne saboda macizai, ko iyakar gona ce da aka taɓa rikici a kanta, ko marmarar ce ta ƙi garma tun farko, labarin sarki ya zo daga baya.

Ɗalibar Tarihi: Iyayena, ku bari in sa baki. Tudun da mutum ya tara, in ka duba inda zaizaya ta yanke shi, ƙasarsa a cakuɗe take, baƙa da ja, wani lokaci da gawayi da toka. Na Allah kuwa ƙasar sama ce, sai marmara, sai dutse, bi da bi. Akwai kuma na uku da ba kushewa ba, ba halitta ba: kufai. Tudun Daima a Borno ya haura mita 10, kuma duk zaman mutane ne, gini a kan rusasshen gini, juji a kan juji. Masanin binciken kayan tarihi Graham Connah ya tona shi a shekarun 1960. Tsohon suri da ya zube ma yakan ruɗi mutane. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tonon daren. Da a ce kushewa ce, da sun hargitsa komai, domin inda aka sami abu ya fi abun kansa ba da labari. Kuma tono irin wannan sai da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

Ɗan Ƙauye: Na gode. Amma kin tuna mini: a gonar da ke gabas da tudun, duk damina garma na fito da tsingaro da kashin maƙera. A kan tudun kuwa ban taɓa ganin ko ɗaya ba.

Bakatsine: To ka ji! Ruwan ya yi tsami, tulun ne kuka ɓata.

Malam Mai Allo: Tudun dai har yanzu ba wane ba ne.

Ɗalibar Tarihi: Yaya, in an yi ruwan fari ka zaga gonar ka ɗauki hotuna da waya, kada ka kwashe komai, sannan a sanar da mai gari.

Hajiya Babba: Kafin nan dai a sa yaran su cike ramin da suka haƙa, kada saniyar wani ta karye a ciki.