Wuyana ya ɗan tasa: in sayi aidin ko in je tahlil (gwajin jini)?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina Jidda, cikina wata 4. Gaban wuyana ya ɗan kumbura, ga kasala, ga jin sanyi ko an kashe mukayyif (AC). Maƙwabciyata ta ce in shafa Betadine, maganin rauni mai sinadarin aidin, a damtse, idan ya ɓace kafin kwana ɗaya to aidin ya yi ƙaranci a jikina. Na shafa da la'asar, kafin isha babu alamarsa. In sayi ɗigon aidin a saidaliyya (kantin magani), ko in haɗa kuɗin tahlil? Ba mu da tamin (inshorar lafiya).

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Ki dage da cin kifi, ga teku a bakin ƙofarku. Mu a Makka da tsada muke saye.

Hajiya Ta Misfala: 'Yata, kar ki kuskura ki sha komai ba a auna ki ba. Ni wani mai kanti ya sayar min da ƙwayoyin ganyen teku, wai maganin maƙoƙo. Na fara sha, zuciya ta dinga dukan uku-uku, hannu na rawa, barci ya ƙaurace min, ina ci ina ramewa. Yara suka ce sammu ne, aka yi ta ruƙiyya. Da aka ɗebi jini, ashe guddar tawa ta wuya (thyroid) dama aiki take fiye da ƙima, ƙwayoyin nan ƙara mata wuta suka yi. Na koma wurin mutumin, ya kalli idona ya ce ai ni na nema. Ni da shi sai a gaban Allah.

Ummu Walid: Sannu Hajiya. Maman Ilham, ni nas ce, gwajin fatar nan ba gwaji ba ne. Aidin tashi yake a iska, fata kuma tana mayar da ragowar marar launi, zafi da gumi su ƙara masa sauri. Likita gwajin jini na TSH da T4 zai nema don ya ga yadda guddar ke aiki, wataƙila da hoton wuya. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya mai ciki na buƙatar maikrogiram 250 na aidin a rana, sauran manya 150. Kuma ba kowane kumburi ne rashin aidin ba, akwai ciwon Hashimoto, inda garkuwar jiki ke yaƙar guddar. Kina da ciki, kar ki ja lokaci, ƙwaƙwalwar jariri ta dogara da wannan.

Ɗan Karantina: TSH riyal 60 na biya wa Mama.

Maman Amal: 60 a ina? Ni 220 aka karɓe min, ban da kuɗin ganin likita.

Baba Alhaji: Duk surutu ne. A garinmu an san ruwan rijiya ke kawo maƙoƙo. Kafin a haife ku muke ganinsa.

Ummu Walid: Allah ya ƙara girma Baba, amma ƙasar noman wurin ce ba ta da isasshen aidin. Shi ya sa ya yi yawa a Darfur, ga nisa da teku, ga gero kullum. Gishiri mai aidin shi ke kare mutane.

Baba Alhaji: Yanzu geron ma laifi gare shi? Ke nas ce ko likita?

Hajiya Ta Misfala: Alhaji bar yarinya, ita ta karanta. Da na same ta a lokacin da ban sha wuya ba.

Abu Sadik: Ni albashina na shafa wa Betadine, shi ma kafin isha ya ɓace.

Maman Amal: Kai Abu Sadik! Amma maganar tamin fa? Igamar maigidana (takardar izinin zama) ta ƙare, kafil (mai ɗaukar nauyinsa) ya ƙi sabuntawa, katin asibiti ya tsaya. Ko zazzaɓi yaro ya yi sai mun ciro daga aljihu.

Ɗan Karantina: Naku da sauƙi, nawa kafil ɗin ko waya ba ya ɗauka.

Maman Ilham: Na gode. Don Allah wane mustausaf (ƙaramin asibiti) ne na riyal 60 ɗin?

Maman Amal: Ɗan Karantina, ka kai ƙara ofishin ƙwadago kuwa? Mu an ce mu jira.