Ƙwan kwaɗi a ruwan da yake ƙafewa cikin daji: a kwashe ko a bari?

Baban Safiyya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa da suka san al'amarin halittun ruwa a nan Ingila. Tun farkon watan Maris kwaɗi suka zuba ƙwai a wani yanki na dajin Epping, arewa maso gabashin Landan, a cikin ramukan da tayoyin tarakta suka bari a kan hanya, inda ruwan hunturu ya kwanta. Yanzu ruwan sama ya ɗauke, ramukan suna ƙafewa, har saman wasu dunƙulen ƙwan ya fito fili ya soma bushewa. Shin ya dace in kwashe su in kai ɗaya daga cikin manyan tafkunan dajin, ko kuwa in ɗebo wasu in reno su a gida? Kuma me doka ta ce a kan haka?

Malamar Kimiyya:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yi maganar ceto, yana da kyau a san cewa ba kuskure kwaɗin suka yi ba. Kwaɗon da ya fi yawa a Birtaniya, wanda masana suke kira Rana temporaria, da gangan yake neman ruwa marar zurfi, domin irin wannan ruwan ya fi saurin ɗumi idan rana ta fito, kuma tun da yana ƙafewa duk shekara, kifi ba ya zama a cikinsa. Kifi kuwa yana cikin manyan masu cinye talibambam. Saboda haka babban tafkin da kake gani kamar mafaka, ga ƙwan kwaɗo yana iya zama wuri mafi haɗari.

Kowane dunƙule guda na mace ɗaya ne, kuma yakan ƙunshi ƙwai dubu ɗaya zuwa dubu biyu. Yawan nan shi ne dabarar jinsin, domin kaɗan ne ƙwarai suke kai wa ga zama kwaɗi, sauran kuwa abinci ne ga tsuntsaye da ƙwarin ruwa. Matsalar ramin tarakta ita ce lokaci. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin mako biyu zuwa huɗu gwargwadon ɗumin ruwa, sannan talibambam yana bukatar kimanin wata uku ko fiye kafin ya fitar da ƙafafu ya hau tudu. Ramin da ya soma bushewa a watan Maris da wuya ya kai Yuni.

A ganina, idan akwai wani rami mai ɗan zurfi a kusa, wanda bai wuce 'yan taku kaɗan ba kuma ruwansu ɗaya ne idan an yi ruwan sama, babu laifi ka matsar da dunƙulen can. Ka ɗebe su da roba mai tsabta tare da ruwan da suke ciki, ka ajiye su a gefen da ba shi da zurfi kuma rana take taɓawa, ba a tsakiya ba.

Dattijon Shafil:

Malama ta yi bayani mai kyau, amma ni zan fi ta tsanantawa a kan batun tafki. Ɗana, kada ka kai su wani ruwa dabam ko kaɗan. Tun cikin shekarun 1990 ake samun rahotannin mutuwar kwaɗi da yawa a lokaci guda saboda ƙwayar cutar Ranavirus, kuma kudu maso gabashin Ingila, wato yankin da kake zaune, yana cikin inda abin ya fi tsanani. Akwai kuma cutar kitrid, wadda wani naman gwari da aka bai wa suna a 1999 yake haddasawa, ta kuma hallaka kwaɗi a nahiyoyi da dama. Ba a ganin ko ɗaya daga cikinsu da ido, kuma bokiti guda na ruwa ya isa ya kai su inda babu su. Haka nan ɗan guntun ciyawar ruwa irin su Crassula helmsii, wadda aka shigo da ita daga waje, yana iya bin ƙwan ya je ya mamaye tafki sukutum. Wannan ne ya sa ƙungiyar Froglife, mai aikin kare kwaɗi da danginsu, take ba da shawarar kada a riƙa ɗaukar ƙwan kwaɗi daga wannan tafki zuwa wancan.

Game da doka, dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta haramta sayar da wannan kwaɗon da ƙwansa, ba ta haramta taɓa shi ba. Sai dai daji yana da masu shi. Dajin Epping yana hannun hukumar birnin Landan tun dokar 1878, yana da masu gadi da ƙa'idojinsa, don haka ka fara sanar da su kafin ka fitar da komai daga ciki. Idan da ni ne, iyakar abin da zan yi ke nan, in bar sauran ga Allah, tun da kwaɗon da ya rasa ƙwansa bana yana iya sake zubawa baɗi.

Maman Khalil:

Baba, ina girmama ra'ayinka, amma ban yarda cewa a naɗe hannu kawai ba, musamman da yake ramin ba na asali ba ne, tarakta ce ta haƙa shi ta yaudari kwaɗin. Idan masu kula da wurin sun ba da izini, renon ɗan kaɗan a gida abu ne mai yiwuwa, muddin an kiyaye wasu abubuwa. Na farko shi ne ruwa. Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin da yake cutar da su, don haka ruwan sama ake amfani da shi. Sai yawa, wanda a nan ne mutane suka fi yin ɓarna, domin wanda ya zuba dunƙule guda cif a bokiti zai wayi gari da ɗaruruwan talibambam suna kashe juna da yunwa da ƙazanta. Ɗan abin da bai wuce cikin cokali ba ya isa. A ajiye robar a waje inda take samun haske ba tare da rana ta dafa ruwan ba. Da farko suna cin ragowar yauƙin ƙwan da gansakuka, daga baya a ba su dafaffen ganyen latas kaɗan kaɗan, ana canza wani ɓangare na ruwan. Idan ƙafafun gaba suka fito, a rage ruwan a sa musu dutse ko reshe da za su hau, in ba haka ba suna iya nutsewa. A ƙarshe a mayar da su daidai inda aka ɗebo su, ba lambun maƙwabci ba.

Baban Safiyya:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na haƙura da batun babban tafki, kuma zan yi wa masu gadin dajin magana. Saura tambaya ɗaya. Wasu ƙwan da suke sama tsakiyarsu ta koma fari-fari, shin akwai amfanin matsar da su?

Malamar Kimiyya:

Waɗanda tsakiyarsu ta yi fari ko toka-toka sun riga sun mutu, ko dai saboda bushewa ko saboda sanyin dare da ya daskarar da su, masu rai kuwa tsakiyarsu baƙa ce wuluk. Amma kada hakan ya sa ka yar da dunƙulen gaba ɗaya, domin sau da yawa na sama ne kawai suke lalacewa, na ƙasa da suke cikin ruwa suna nan da ransu. Ka kuma duba siffarsu kafin ka taɓa. Idan ka ga ƙwai a jere cikin dogon zare kamar carbi, an naɗe su a jikin ciyawa, to na wani irin kwaɗo ne dabam mai kaushin fata, wanda ya fi son ruwa mai zurfi, don haka ka bar su yadda suke. Bayan ka gama, ka wanke robar da takalmanka sosai ka bar su su bushe sarai kafin ka je kusa da wani ruwan.