Wai mutanen Japan ba sa fushi ne?

Ɗan Kurmi:
Salam jama'a. Don Allah wai Japanawa ba sa jin haushi ne? Duk bidiyon da na gani sai rusunawa da murmushi, ko a jirgin ƙasa an matse mutum kamar kifin gwangwani amma ba ka jin ko tsaki. Halitta ce ko tarbiyya?

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam. Suna yi mana, haɗiyewa kawai suke. Akwai tsohon gwajin da masana halayyar ɗan Adam Paul Ekman da Wallace Friesen suka yi, an nuna wa ɗaliban Amurka da na Japan fim mai tayar da hankali, in suna su kaɗai duk ɓata fuska iri ɗaya suke yi, amma da mai gwajin ya shigo ɗakin sai na Japan su rufe da murmushi.

Abu Osaka:
Ɗan Kurmi kai dai bidiyo kake kallo. Fushin yana nan, ƙasa yake gangarowa, ma'aikaci ba zai ɗaga wa oga murya ba ko da an ci masa mutunci, sai dare ya yi su tafi mashaya da abokan aiki a zazzage, amma shi ogan yana iya balbale na ƙasa da shi, shi ya sa a 2020 aka wajabta wa manyan kamfanoni ɗaukar matakin hana cin zarafin ma'aikata. Ɗaliban jami'a masu aikin wucin gadi a shaguna kuwa su ke shan na kwastoma, mutum ya tsaya yana masifa a kan abin da bai kai ya kawo ba kai kuma sai ba da haƙuri, abin ya yi yawa har Tokyo ta yi doka a kansa, ta fara aiki Afrilun 2025. A titi ma haka, bayan wani direba ya tare motar wasu iyali a babbar hanyar Tomei a 2017 har tirela ta kashe miji da mata, a 2020 aka tsaurara hukuncin tuƙin tsokana.

Hajiya Balki:
Innalillahi. Ni abin da ya burge ni binciken jami'ar Nagoya na 2024 ne, an ba ɗalibai haushi da gangan ta hanyar kushe rubutunsu, sai aka ce su rubuta abin da ke ransu a takarda. Waɗanda suka jefa ta a kwandon shara fushinsu ya sauka, waɗanda suka ajiye ta kuwa bai sauka sosai ba.

Ɗan Kurmi:
Tab, Hajiya in haka ne ni littafi guda zan ƙarar a kan masu kawo mana wuta. Na gode kwarai.