Kumasi ko Accra: ina aka fi samun inuwa da filin shaƙatawa?

Ɗan Nima: Salamu alaikum. Ana kiran Kumasi birnin lambuna, to har yanzu ta fi Accra kuwa? Da wane ma'auni za a gwada?

Malam na Aboabo: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka auna da girman daji kaɗai. Accra na da dajin Achimota da lambun Legon, Kumasi na da Rattray Park da aka buɗe a 2015, da lambun jami'ar KNUST, sai dajin Owabi a wajen gari. Tambayar ita ce, yaron zango zai kai can da ƙafa cikin minti goma? Ana biyan kuɗin shiga? Nan ne garuruwan biyu suka gaza.

Hajiya ta Asawase: Gaskiya ne, Malam. Babbar asarar Kumasi fadamu ne. An cike bakin rafukan Subin da Aboabo an yi gini, ruwan damina ya rasa inda zai tsuma, sai ambaliya. Kogin Odaw a Accra ma haka.

Ɗan Madina: Hajiya, a ƙara da shuka itatuwa. A dasa a Afrilu ko Mayu, a killace saboda awaki, a riƙa ban ruwa lokacin hunturu, in ba haka ba itacen zai bushe kafin Fabrairu.